Zancen Akawu: Injin Buga Takarda Ba Ya Jin Mari

Jama'a, labari ya iso mana daga Faransa. A shekarar 2025 hukumar birnin Liyon ta ce za ta riƙa janye ofisoshinta daga kayan Microsoft, ta koma kan Linux. Wannan ba sabon abu ba ne a can, gama majalisar dokoki ta Paris ta sa Ubuntu tun 2007, jandarmomi kuma suka bi a 2008. To, 'ya'yan zango da ke aikin akawu a garuruwan nan biyu, da ku muke.

Injin buga takarda na yanzu ba keken rubutu ba ne. Guda ɗaya ne a lungu, akawu ashirin na aika masa aiki ta waya. Ran da ya tsaya, sai ka ga an kewaye shi, wani na marinsa, wani na sake aika wasiƙa sau goma. Alhali kuwa wata takardar ta neman izinin zama ce, mai ita yana da ranar ganin hukuma, ba a ɗaga masa.

Mu dai shawararmu, a tambayi injin da rubutu. Buɗe baƙin allon umarni, ka rubuta ping da lambar injin. In bai amsa ba, duba waya da wuta, kada ka zargi kowa. In ya amsa, sai lpstat -p, ya gaya maka ko yana aiki ko an dakatar da shi. Sa'an nan lpstat -o ya jera ayyukan da ke layi, kowane da lambarsa da sunan mai shi. Nan asirin mai aikawa sau goma ke tonuwa! Sau da yawa aiki ɗaya ne ya toshe hanya, kamar jaki a ƙofar gari. Kore shi da cancel da lambarsa, ka ta da layin da cupsenable da sunan injin. Duk waɗannan, ban da ping, na tsarin CUPS ne, wanda Michael Sweet ya fitar a 1999.

Har wa yau a lura da girman takarda. Faransa A4 take amfani da ita, santimita 21 da 29.7. Wasiƙar da aka tsara a Amurka ta fi faɗi, ta fi gajarta, sai injin ya tsaya yana jiran takardar da babu ita a aljihunsa. Gyara girman, ka sake aikawa sau ɗaya tak.