Jama'ar Zaitawa, Kada Yaro Ya Kwana da Cizon Kare

Iyaye da 'yan uwa na Zaitawa, mun saba cewa mu a cikin birni ba ma kiwon kare, don haka ciwon haukan kare ba namu ba ne. To, karen da ke yawon bola da asuba na waye? Karnukan 'yan farauta ta ina suke bi? Kyanwar da ke tsallaka katangunmu fa, ita ma tana iya ɗaukar cutar, kuma yakushinta ma ya isa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Dalili a fili yake. Yaro ne ke jifan kare, shi ke jan wutsiyarsa, kuma saboda gajartarsa cizon kan same shi a fuska ko wuya, kusa da ƙwaƙwalwa. Sannan ya ɓoye don tsoron bulala. Almajiri kuwa, wa zai gaya wa?

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne shirun cutar. Rauni zai warke, a yi wata biyu ko uku lafiya lau, kowa ya manta. Ranar da yaro ya fara tsoron ruwa yana dalalar da miyau, likita ba shi da abin yi.

Amma kafin wannan rana akwai mafita, kuma tun 1885 Louis Pasteur ya samar da allurar rigakafin cutar. Da zarar an yi cizo, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 cur. Kada a zuba toka ko barkono, kada a ɗaure. A ranar a tafi Asibitin Murtala, a nemi allurar, in babu a tambayi inda take, a kuma cika ta har ta ƙarshe.

Masu karnuka, ku kai su asibitin dabbobi na Gwale a yi musu rigakafi. Idan aka yi wa bakwai cikin goma na karnukan gari, cutar ta daina yaɗuwa. Mai unguwa, limamai, alarammomi, kada ku jira 28 ga Satumba, ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya. Ku faɗa wa yara bayan sallar magariba ta yau cewa duk wanda kare ya ciza ya zo ya faɗa, ba mai dukansa.