Jeri Daban, Zaɓi Daban: Amsa Ga Mai Wasiƙar Agege

A cikin wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan kwanakin nan akwai wata daga wani dattijo mai sayar da goro a Agege, can Ikko, wadda na ga ya kamata in ajiye kome in amsa ta. Ya ce yaron shagonsa, ɗan ƙanensa ne kuwa, ya faɗa wa cacar lamba, kullum sai ya kai kuɗin abincinsa wata 'yar rumfa a bakin titi. Lambobin daga 1 ne zuwa 90, ana fid da biyar. Yaron yakan zaɓi biyu, in duka biyun suka fito a biya shi ninki 240 na abin da ya zuba. Da ya yi masa faɗa sai yaron ya ce, "Baba, biyar fa ake fitarwa, ni kuwa biyu kaɗai nake nema." Har ma mai rumfar ya gaya masa wai in ya zaɓi lamba biyar aka haɗa masa su biyu-biyu, sa'arsa ta ninka sau goma. Dattijon ya ce shi bai yi boko ba, yana so a gaya masa ko akwai gaskiya a wannan magana.

To, Malam, hukuncin caca sananne ne, malamai sun gama bayani a kansa, ba kuma fagena ba ne. Nawa lissafi ne. Amma kafin mu isa rumfar sai ka yi haƙuri mu bi ta wata hanya, domin dukan al'amarin ya rataya ne a kan bambancin abu biyu da mutane kan cakuɗa, watau jeri da zaɓi.

Mu fara da abin da kowa ya sani. Mutumin da ke da riga uku da hula huɗu yana iya fita da shiga iri goma sha biyu, domin kowace riga tana iya tafiya da kowace hula, uku sau huɗu ke nan. Wannan ita ce uwar ƙa'idar, sauran duk 'ya'yanta ne. In mutum uku za su zauna a kan benci, wurin farko yana da mai zama uku, na biyu saura biyu, na ƙarshe saura ɗaya. Uku sau biyu sau ɗaya, shida. Mutum huɗu 24 ne, biyar 120. Daga nan fa sai abin ya fara gudu kamar wutar daji. Almajirai goma suna iya tsayawa a sahu ɗaya ta hanya 3,628,800. Da malaminsu zai ce su riƙa sāke tsayuwa kowane minti, dare da rana, ba barci ba cin abinci, sai sun yi kwana 2,520, kusan shekara bakwai, kafin su ƙare. Wannan shi ne jeri: wanda ke gaba da wanda ke baya duk abin lura ne. Wanda ake bin sa bashin naira 159 aka rubuta masa 951 ba ya bukatar malamin lissafi ya gaya masa haka.

Wani abin sha'awa shi ne, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara yin wannan ƙidaya da gaske ba ɗan kasuwa ba ne, malamin lugga ne. Halilu ɗan Ahmadu al-Farahidi, mutumin Basra, malamin Sibawaihi, wanda ya tsara ilmin aruli, ya rasu wajen shekarar 786. Da ya yi niyyar tattara kalmomin Larabci a ƙamusun da ake kira Kitabul Aini, sai ya ga in ya ce zai bi Larabawa zango-zango yana tambaya, lalle wasu kalmomi za su kuɓuce masa. Saboda haka ya biyo ta bayan gida. Ya ce tun da yawancin kalmomin Larabci daga saiwa mai baƙi uku suke tsirowa, bari a ɗauki kowane baƙi uku a jujjuya su ta kowace fuska, sa'an nan a duba wace fuska Larabawa ke amfani da ita, wace ce kuma suka bari.

Ɗauki ba, da ha, da ra. In ka jera su ba-ha-ra ka sami baharu, watau teku, wanda mu ma muke da shi a Bahar Maliya. Ha-ra-ba ya ba ka harbu, yaƙi. Ha-ba-ra ya ba ka hibru, tawada. Ra-ba-ha ya ba ka ribhu, inda muka aro kalmar riba ta ciniki. Ra-ha-ba yalwa ce, daga nan marhaban ta fito. Ba-ra-ha kuwa gushewa ce, shi ya sa suke ce wa daren jiya albariha. Baƙi uku tak, fuska shida, ma'ana shida, ba wadda ta yi kama da 'yar'uwarta.

Yanzu ga inda nake so a lura. Baƙaƙen Larabci 28 ne. In ana son a jera uku mabambanta, na farko yana da hanya 28, na biyu 27, na uku 26, jimla 19,656. Wannan adadin jeri ne. Amma Halilu bai buɗe wa baharu babi daban, harbu babi daban ba, ya tara duk shidan a ɗaki ɗaya, tun da baƙaƙensu ɗaya ne. To, ɗaki nawa ke nan? Sai a raba 19,656 gida shida, a sami 3,276. Wannan shi ne adadin zaɓi. Ƙa'idar ke nan gaba ɗayanta: ka ƙirga jeri, sa'an nan ka raba da yawan hanyoyin da abubuwan da ka zaɓa za su iya sāke wuri a tsakaninsu.

Misalanta suna ko'ina. Ƙungiyar mutum goma in za ta naɗa shugaba da magatakarda da ma'aji, hanya 720 gare ta, domin ba daidai ba ne a ce wane ne shugaba da a ce shi ne ma'aji. In kuwa wakilai uku kawai za ta tura gaisuwar ta'aziyya, hanya 120 ce, domin duk wanda ya fara shiga mota tafiyar ɗaya ce. Mutum goma in suka yi musafaha da juna hannu 45 za a haɗa, ba 90 ba, tun da in na gaisa da kai ka gaisa da ni ke nan. Amma a gasar ƙwallo mai ƙungiya 20, irin babbar gasar Ingila, wasa 380 ake yi ba 190 ba, saboda zuwanka gidana daban ne da zuwana gidanka.

Bayan Halilu da shekaru ɗari huɗu da wani abu, wani malami a Marrakush ta ƙasar Maroko, Ahmadu ɗan Mun'im, wanda ya rasu a 1228, ya koma kan wannan ƙidaya ta kalmomi a littafinsa Fiƙhul Hisab. Don ya sauƙaƙa wa ɗalibai sai ya kawo misalin zaren alharini launi goma, ya tambaya tuntu iri nawa za a iya yi da launi biyu, ko uku, ko huɗu, har zuwa goma. Amsoshin, 45 da 120 da 210 da sauransu, ya jera su a wani jadawali mai kusurwa uku, inda kowane adadi ke fitowa daga tara waɗanda suka gabace shi. Yau 'yan makaranta sun san wannan jadawali da sunan Pascal, Bafaranshen da ya yi rubutu a kansa a 1654, ko da yake Yang Hui na ƙasar Sin ya riga ya zana shi tun 1261. Wanda ya zo daga baya shi ya tafi da sunan, haka duniya ta saba.

To, mu koma rumfar Agege. Fid da lamba biyar daga cikin 90 zaɓi ne, ba jeri ba, domin ba a damu da wadda ta fara fitowa ba. In ka buga 90 sau 89 sau 88 sau 87 sau 86, ka raba da 120, za ka sami 43,949,268. Yawan fuskokin da sakamakon rana ɗaya zai iya ɗauka ke nan. Amma yaronka biyu kaɗai yake nema, saboda haka mu ƙirga tagwayen lambobi. 90 sau 89, a raba biyu, ya ba mu 4,005. Lamba biyar da aka fitar kuwa tagwaye nawa ke cikinsu? Biyar sau huɗu, a raba biyu, goma. Watau cikin tagwaye 4,005 goma ne kaɗai ke ci a kowane zagaye. Ɗaya ke nan cikin ɗari huɗu. Yaron yana ganin biyar cikin casa'in, alhali abin da ke gabansa ɗaya ne cikin ɗari huɗu.

Ga hanya mafi sauƙi ta gane ribar mai rumfa. A ce wani attajiri ya rantse yau sai ya ci, ya sayi dukan tagwayen nan 4,005 a kan naira 100 kowanne. Ya kashe naira 400,500. Ba makawa goma za su ci, kowanne a biya shi naira 24,000, jimla naira 240,000. Ya ci sau goma a rana ɗaya, amma ya koma gida da asarar naira 160,500. Ashe kowace naira da ta shiga rumfar, kimanin kwabo 60 ne ke komowa hannun masu zubawa, kwabo 40 ya zauna. Da ana son a yi raba-daidai da sai a biya ninki 400, ba 240 ba. Mai rumfa ba ya bukatar maguɗi ko tsafi, ribarsa tana cikin tazarar da ke tsakanin lambobin nan biyu.

Maganar haɗa lamba biyar biyu-biyu kuwa, mai rumfa bai yi ƙarya ba, rabin gaskiya ya faɗa. Lamba biyar tagwaye goma ne, kowane tagwaye kuma da kuɗinsa, saboda haka mai zuba naira 100 zai koma zuba 1,000. Damar cinsa ta tashi zuwa kimanin ɗaya cikin 43, gaskiya ne, amma abin da yake bari a rumfar ya tashi daga naira 40 zuwa 400 a kowane zubi, in aka yi kirdadon dogon lokaci. In aka lallashe shi ya kai lamba goma, tagwaye 45 ke nan, naira 4,500. An ƙara masa girman guga ne kawai, hujin da ke gindinta ma an ƙara shi daidai gwargwado.

Akwai kuma wani abu da nake jin shi ne ainihin ƙugiyar da ta kama yaron. Cikin tagwayen nan 4,005, mun ce goma ne ke ci. Guda 3,570 ba ko lamba ɗaya tasu da za ta fito. Saura 425, su ne waɗanda lamba ɗaya ta fito ɗaya ta ƙi, biyar sau 85 ke nan. Wannan ya fi ɗaya cikin goma. Watau mai zubawa kullum, kusan kowane kwana tara ko goma sai ya ga lambarsa ɗaya a kan allo, ya dafe kai ya ce saura ƙiris. Ba ƙiris ba ne, Malam. A kan kowane ci ɗaya akwai irin wannan saura ƙiris fiye da arba'in, ba kuwa wanda ake biyan ko kwabo a kansa. Haka nan masu sayar da takardun hasashe, masu cewa lamba kaza ta daɗe ba ta fito ba saboda haka lokacinta ya yi. Ƙwallayen da ke cikin injin ba su san abin da ya fito jiya ba. Fitowar 1, 2, 3, 4, 5 a jere da fitowar lambobin da mutum ya gani a mafarki duk nauyinsu ɗaya, kowanne ɗaya ne cikin 43,949,268.

In yaron nan yana zuba naira 100 kullum a kan tagwaye ɗaya, a shekara ya kashe naira 36,500. Cikin mutum goma masu yin haka, kimanin huɗu za su ga ƙarshen shekara ba su ci ko sau ɗaya ba. Shawarata, kada ka karanta masa wannan kamar huɗuba. Saya masa littafin rubutu, ka ce ya rubuta tagwayen da hannunsa: 1 da 2, 1 da 3, har 1 da 90, layi 89 ke nan, sa'an nan ya koma 2 da 3, layi 88, haka haka har ya kai 89 da 90. In ya gama, ba shi jan alƙalami ya zagaye goma.

Ga kuma abin da za mu tauna kafin mako mai zuwa. Mutum shida a kan benci hanya 720 suke da ita ta zama. To, in kewaye faranti ɗaya suka yi za su ci tuwo, inda babu na farko babu na ƙarshe, sai dai wa ke damanka wa ke hagunka, zama iri nawa za su iya yi? Mai amsa ya aiko tare da bayanin yadda ya yi, domin amsa tsirara ba za ta shiga fili ba.