Kawun da Ya Sauka daga Jirgin Ƙasa

Alfred Hitchcock, wanda aka haifa a Landan a 1899 ya mutu a Amurka a 1980, ya ba da umarnin fina-finai sama da 50, kuma har gobe masoyansa ba su gama gardamar wanne ya fi ba. Masana sun fi karkata ga Vertigo na 1958, wanda ƙuri'ar mujallar Sight and Sound ta 2012 ta ɗora a saman duk fina-finan duniya. Masu son abin da zai razana su kuwa Psycho na 1960 suke ambata. Nawa zaɓin shi ne Shadow of a Doubt na 1943, wanda shi kansa Hitchcock ya sha nuna cewa ya fi kwanta masa a rai, kuma ina ganin mutumin Dutsin-Ma ko Kurfi zai riga mai kallo a Landan gane dalili.

A Santa Rosa, wani ƙaramin gari a Kalifoniya, akwai budurwar da ake kira Charlie, wadda aka sa wa sunan kawunta, ƙanin mahaifiyarta. Sai ga saƙon waya cewa kawu yana tafe. Gida ya kaure da murna, aka tarye shi a tasha, aka ba shi ɗakin takwarar tasa. Ya zo da tsaraba, ya zuba dala 40,000 a bankin da mijin yayarsa yake aiki, gari ya ɗauke shi mutumin kirki. Amma mu masu kallo tun farko mun ga wasu mutum biyu suna bin sawunsa, mun kuma ga baƙin hayaƙin jirgin da ya kawo shi ya rufe tashar. Daga nan sai ƙananan abubuwa su fara taruwa. Ya cire wani shafi daga jaridar maigida ya ɓoye. Zoben da ya ba yarinyar yana ɗauke da harufan sunan wata daban a cikinsa. Da dare, gab da rufe ɗakin karatu na gari, ta ruga ta nemo jaridar, ta karanta labarin wani mai kashe mata masu dukiya da mazajensu suka mutu, ta zare zoben ta duba harufan, suka yi daidai da na mace ta ƙarshe da aka kashe.

Hitchcock ya taɓa yi wa daraktan Faransa François Truffaut bayanin sana'arsa a hirarsu ta 1962 da misalin bam a ƙarƙashin tebur: in ya fashe ba zato, mai kallo ya firgita na ɗan lokaci, in kuwa an nuna masa bam ɗin tun farko, duk hirar da ake yi a teburin sai ta zama zullumi. A wannan fim bam ɗin mutum ne, yana zaune a teburin, ana zuba masa abinci. Uwar gida tana kallon ƙaninta da idon ƙauna, maigida da maƙwabcinsa suna raha a kan dabarun kisa da suke karantawa a littattafai, yarinya ita kaɗai ta san wanda ke gefenta. Psycho yana tsorata ka da masaukin da ba za ka taɓa kwana a ciki ba. Vertigo kuma ciwon zuciyar mutum ɗaya ne, mai kyan gani ƙwarai, amma ya yi nisa da rayuwar yawancinmu. Shi wannan ya shigo da tsoron har tsakar gida, ya haɗa shi da nauyin zumunci, kuma nan ne ya fi sauran zurfi.

Wanda ya zauna a tsakiyar Katsina a shekarun nan ya san irin wannan zullumin. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Dutsin-Ma da Kurfi da Safana da Batsari da Ɗanmusa, kuma babban dalilin da gwamnati ta bayar shi ne raba 'yan bindiga da masu kai musu labari. Jama'a sun yi watanni ba sa iya kiran ɗan'uwa saboda infoma. Ɗan bindigar da ke daji bai san wa ya sayar da shanu a kasuwa ba, bai san gidan da ɗalibai mata suke haya ba, sai an faɗa masa, domin da ɗan gari akan ci gari. Abin da ya fi ciwo shi ne infoman nan yana da uwa, yana da yayye, ana sallah sahu ɗaya da shi, kuma sau da yawa akwai wani a gidansu da ya ga alama: kuɗin da ba a san tushensu ba, wayar da ake fita bayan gida a amsa. Wannan mutumin da ya gani ya rasa yadda zai yi, shi ne Charlie. Ta ƙi tona kawunta don tana tsoron abin zai kashe mahaifiyarta, kuma shirun nata ya kusa cin ranta: an lalata matakalar da take bi, an kulle ta a garejin da hayaƙin mota ya cika.

Za a ce irin wannan fim zai ƙara rura zargi a inda zargi ya riga ya yi ɓarna, inda kalmar infoma kaɗai kan sa a far wa wanda bai ji ba bai gani ba. Wannan magana ce mai nauyi, amma fim ɗin da kansa ya amsa ta. Charlie ba ta gaskata jami'in binciken da ya fara tsegunta mata cewa ana zargin kawunta ba, har faɗa ta yi masa. Sai da ta je ta duba da idonta, ta haɗa jarida da zobe, sannan ta yarda. Akwai kuma wani mutum da ake zargi da laifin a gabashin ƙasar, wanda ya mutu yana gudun 'yan sanda, aka rufe bincike a kansa alhali mai laifin yana Santa Rosa yana hutawa. Da wuya a sami fim ɗin da ya nuna haɗarin yanke hukunci da gaggawa da haɗarin rufa wa mai laifi asiri a lokaci guda kamar wannan. Inda nake da ja da shi shi ne ƙarshensa: kawu ya faɗo daga jirgi yayin da yake ƙoƙarin jefa yarinyar, gari ya yi masa jana'izar girma, ita da jami'in suka bar gaskiya a cikinsu. A Santa Rosa mai laifi ɗaya ne, mutuwarsa ta rufe magana. A nan kuwa infoma yana da abokan hulɗa a daji, kuma shirun dangi yana barin hanyar a buɗe ga na bayansa.

Saura masu cewa tsohon fim ne marar launi, da Turanci, matasanmu kuma sun saba da fassarar fina-finan Indiya. Ai labarin kawu da 'yar yayarsa da uwar da ba ta son jin aibin ƙaninta ya fi yawancin abin da ake fassara mana kusa da gidan Bahaushe. Babu tsiraici a cikinsa, tsawonsa bai kai awa biyu ba, kuma kusan duk ƙarfinsa a magana da kallon ido yake. Masu fassara a Kano za su iya mayar da shi Hausa ba tare da sun yanke komai ba, kuma marubutan Kannywood da ke neman yadda za su taɓa matsalar tsaro ba tare da nuna bindiga ba za su sami abin koyo a yadda aka tsara zaman cin abincin nan na gidan su Charlie.