Raddi ga masu son kawo baƙon kirefish tafkunan Gonin Gora

Shawarar da wasu ke bai wa masu kiwon tarwaɗa a Gonin Gora da kewaye ita ce su shigo da jan kirefish na Amurka, ko mai jan hannu na Ostareliya, su kiwata, tunda kirefish ya yi tsada a kasuwa. Tun daga tushe maganar ta karkace. Wanda mata ke dakawa a miya ƙananan jatan lande ne da ake kamawa a gaɓar tekun Akwa Ibom da Kuros Riba, a kyafe, a yo Arewa da shi cikin buhu. Wanda ake son kawowa wata halitta ce dabam mai hannuwa irin na ƙaguwa, kuma duk faɗin Afirka babu inda take 'yar asali sai tsibirin Madagaska. Kiwonta ba zai rage ko kwabo daga kuɗin mudu ba.

Sun ce ai a tafkin siminti za a tsare shi, ina zai fita? To, wannan dabba tana hawa bango, tana tafiya a tudu cikin dare idan ƙasa ta jiƙe, in ruwa ya janye ta haƙa rami ta jira damina. Kuma kowa ya san inda mai kiwo ke sakin ruwan tafki idan zai sauya shi: kwata, daga kwata sai rafin Romi, daga nan Kogin Kaduna, wanda ke ratsa madatsar Shiroro ya gangara fadamun shinkafa na ƙasar Nufe kafin ya haɗu da Kwara. Wasu ƙasashen sun riga sun ga sakamakon haka. A 1970 aka zuba jan kirefish a tafkin Naibasha na Kenya don a sami abin sayarwa. Ya cinye bado da ciyayin ƙarƙashin ruwa, ya haura koguna yana korar ƙaguwar ƙasar, har yau ba a iya kwashe shi ba. A Masar ya shiga Nilu a shekarun 1980 ya bazu, yana huda gaɓar magudanan ban-ruwa. A Zambiya masuntan kogin Kafuwe kan ɗago raga su tarar mai jan hannu ya riga su cin kifin. Na Madagaska ya fi ban tsoro, domin baƙon da ya shiga can macensa na haihuwa ba tare da namiji ba. Guda ɗaya ta kuɓuce, magana ta ƙare.

Sai su kawo misalin Sin, inda manoman lardin Hubai ke samun kuɗi da shi a gonakin shinkafa. Gaskiya ne, amma can akwai miliyoyin masu cinsa. A Kaduna wa zai saya? Asarar kuwa ba mai tafki za ta hau ba, masunci da mai noman rani ne za su biya, su da ba a shawarta ba.

Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce yana cin dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya, kuma binciken da aka yi a Kenya ya tabbatar da haka. Ba na musu. Sai dai muna da namu mai wannan aiki, wato babban jatan landen kogi na Afirka ta Yamma. Da aka kammala madatsar Diyama a kogin Sanagal a 1986, aka tare masa hanyar hawowa daga bakin teku, tsargiya ta ɓarke a yankin. Da aka mayar da shi a ƙauyen Lamsar, dodon koɗi ya ragu, cutar ma ta yi sauƙi. Wahalarsa ɗaya ce, 'ya'yansa ba sa tashi sai a ruwa mai ɗan gishiri, don haka sai an ƙyanƙyashe su a ma'aikata kafin a raba wa masu kiwo. Wannan aiki ne na cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke Sabuwar Bussa, can ya kamata masu neman sabon kiwo su kai buƙatarsu.