Darasi Daga Bayan Katanga: Uwa Kirista da Tarbiyyar Gida a Arlit



Ƴan'uwa masu bibiyar wannan zaure, maza da mata, yau zan ɗauko magana daga inda ba ku saba jin an ɗauko ta ba. Ina roƙon ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke hukunci.

Shekarun baya, lokacin da nake zaune a Akokan, katanga ɗaya ce ta raba gidana da na wasu Kiristoci. Maigidan yana aiki a ramin Akouta, aikin da ake yi bi da bi, wani mako dare, wani mako safiya. Matarsa Bahaushiya ce daga yankin Maraɗi. Kowane dare bayan mun dawo daga sallar Isha'i, idan iska ta kwanta, sai mu jiyo muryarta. Takan tara ƴaƴanta huɗu a kan tabarma, ta buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa, ta karanta abin da ya sawwaƙa, ta tambayi kowane yaro abin da ya fahimta, sannan su yi addu'a, kowa da bakinsa. Abin ba ya wuce minti ashirin. Amma ban tuna daren da na ji shiru ba, ko maigidan yana gida ko yana cikin rami, ko da wuta ko an ɗauke.

A gidana kuwa, me ake yi a wannan sa'ar? Ni ina majalisa a ƙofar gida ana zagayen shayi, uwargida tana fama da kwanuka, yara suna gaban talabijin. In an tambaye ni batun addinin ƴaƴana, amsata a shirye take: ai na sa su makarantar allo, kuma ban taɓa fashin kuɗin Laraba ba. Na daɗe kafin na yarda cewa wannan baiwar Allah ta fi ni riƙon amanar da ta ɗauka a kanta. Abin da nake so in faɗa muku ke nan: addinin yaro a cikin gida ake dasa shi, makaranta ban-ruwa take yi, kuma maƙwabtanmu Kiristoci sun riƙe wannan da ƙarfi a daidai lokacin da mu muke sassauta hannu.

Ku dubi halin da uwa Kirista take ciki a garin nan. Arlit gari ne da yuraniyom ya haifa. An kafa kamfanin Somaïr a 1968, garin ya tsiro a 1969, aka fara fitar da ma'adini a 1971. An kafa Cominak a 1974, Akokan ta biyo baya. Aiki ya jawo mutane daga ko'ina, daga Damagaram da Maraɗi da Dosso, daga Benin da Togo da Burkina Faso, kuma a cikinsu akwai Kiristoci. A ƙasar da ƙidayar 2012 ta nuna Kiristoci ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, a garin da ke da nisan kilomita kusan 240 arewa da Agadas, uwa Kirista ta san abin da ke gabanta. Ɗanta yana farkawa da kiran ladani, abokan wasansa Musulmi, malaminsa a aji galibi Musulmi, gari gaba ɗaya yana azumi tare, yana salla tare. Dangin da za su taya ta suna can kudu, tafiyar kwanaki. Katolika ma, babban limamin da ke kula da su a Maraɗi yake zaune, domin tun 2001 yankin Agadas yana ƙarƙashin cocin Maraɗi. Abin da take da shi ranar Lahadi ce da kuma tabarmar tsakar gidanta. Ta san in ba ta koya wa ɗanta ba, titi ba zai koya masa ba. Shi ya sa ba ta fashi.

Abin da na gani a wurinsu ba wani abin ban mamaki ba ne. Suna da lokaci tsayayye da yaro ya sani, kamar yadda ya san lokacin tuwo. Suna koyarwa da harshen da yaro yake ji. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa tun 1932, kuma waɗanda suka zo daga bakin teku suna haɗawa da Faransanci da harsunan garuruwansu. Suna ba yaro aya guda ya haddace a mako, ya kawo ta a makarantar Lahadi. Suna ba da labaran annabawa kamar yadda littafinsu ya kawo su, suna barin yaro ya yi tambaya. Ba a taɓa abinci sai an yi godiya. Sannan matan suna da ƙungiyarsu ta zumuntar mata, inda babba take koya wa ƙarama yadda ake riƙon gida, suna zagaya marasa lafiya da masu jego. A cikin littafinsu akwai wani matashi, Timoti, wanda aka danganta bangaskiyarsa ga kakarsa da mahaifiyarsa. A tarihinsu kuma akwai Monika, mutuniyar garin da yau ake kira Souk Ahras a Aljeriya, maƙwabciyarmu ta bayan Assamaka. Ɗanta Agustin ya kauce wa addininta shekaru masu yawa, ba ta daina bin sa da addu'a da nasiha ba har ya dawo a shekarar 387, shekarar da ta rasu, kuma ya zama ɗaya daga cikin manyan malamansu. Da irin waɗannan labarai suke ƙarfafa juna.

Na san wani zai ce: Malam, yanzu Kiristoci ne za su koya mana addini? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta a fili take. Aƙidarmu tana nan inda take. Mun yi imani Allah ɗaya ne, bai haifa ba kuma ba a haife shi ba, Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, bawansa ne kuma manzonsa. Su sun san mun saɓa da su a nan, mu ma mun sani, kuma ba wanda nake kira ya ɗauko wani abu daga ibadarsu. Abin da nake nuna muku ƙwazo ne da naci. Idan maƙwabcinka ya riga ka share ƙofar gidansa, ganin haka ba ya sa ka koma ɗan gidansu, sai dai ya tuna maka inda ka ajiye tsintsiyarka.

Tsintsiyar kuwa tamu ce tun asali. A Suratut Tahrim, aya ta 6, an ɗora wa mumini nauyin tsare kansa da iyalinsa daga wuta, kuma ba a ce ya miƙa nauyin ga wani ba. Suratu Luƙman ta kawo mana uba zaune da ɗansa, yana koya masa tauhidi da salla da haƙuri da ladabin tafiya da na magana. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, an ambaci mace da cewa makiyayiya ce a gidan mijinta kuma za a tambaye ta, kamar yadda za a tambayi mijin. A wanda Abu Dawud ya ruwaito, iyaye aka umarta su fara sa yaro salla yana ɗan shekara 7. Imam Malik, wanda muke bin mazhabarsa, mahaifiyarsa ce ta shirya shi da hannunta, ta tura shi wurin malaminsa Rabi'a, ta yi masa wasiyya ya fara ɗaukar ladabin malamin kafin iliminsa. Imam Shafi'i maraya ne. Mahaifiyarsa ce ta ɗauko shi daga Gaza zuwa Makka yana ƙarami, ta tsaya a kan karatunsa cikin talauci. A ƙasarmu ta Hausa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya zo har Agadas neman ilimi wurin Malam Jibril ɗan Umar, ya yi kakkausar suka a littafinsa Nurul Albab ga malaman da ke karantar da almajirai a waje su bar matansu da ƴaƴansu mata cikin jahilci. Ƴarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin Ƴan Taru, jajis suna ɗaukar karatu zuwa ga matan ƙauyuka da Hausa da Fulfulde, domin ta gane cewa in uwa ta sani, gida ya sani.

To ina muka baro wannan? Yawa ne ya ruɗe mu. Da yake kowa Musulmi ne, sai kowa ya zaci wani yana yi masa aikin. Uba ya miƙa wa uwa, uwa ta miƙa wa malam, malam kuma yana da yara sittin ko fiye a gabansa da sa'a biyu a hannunsa. Yaro yakan iya izu biyar da ka, amma bai taɓa jin ma'anar Fatiha da Hausa ko da Tamashek daga bakin mahaifiyarsa ba, bai taɓa ganin mahaifinsa ya buɗe Alƙur'ani a cikin gida ba in ba watan azumi ba. Mun dogara da gari ya yi mana reno.

Garin kuwa ya canza. Tun da Cominak ta rufe a ranar 31 ga Maris 2021, ma'aikata kusan 600 suka rasa aiki, ban da na ƙananan kamfanonin da ke cin abinci a jikinta. Magidanta da yawa sun koma neman zinariya a Djado da Tchibarakaten, wasu sun bi hanyar Aljeriya da Libiya, suna yin watanni ba su ga iyalinsu ba. Wanda ya rage a Somaïr bai san yadda gobe za ta kasance ba. Samari suna zaune a fada ba aiki, ƙwaya tana yawo a unguwanni, kuma wayar salula ta shigo har cikin ɗakin kwana da malaman da ba mu san su ba, wasu masu kira zuwa lalata, wasu masu kira zuwa kafirta Musulmi da zubar da jini. A Bukoki da cikin gidajen kamfani, uwa Musulma ta wayi gari a matsayin da maƙwabciyata take ciki tun da daɗewa: ita kaɗai ce da yara da dare. Bambancin kawai, ita waccan ta daɗe da shiryawa.

Ke ƴar'uwa, uwar gida, na san aikinki ya yi yawa, ga neman ruwa, ga tsadar hatsi, ga maigida ba ya nan. Ba wani sabon kaya nake ɗora miki ba. Ki zaɓi lokaci guda, tsakanin Magariba da Isha'i ya fi sauƙi, ki kashe talabijin, ki ajiye waya, ki shimfiɗa tabarma. Minti goma sha biyar ya isa. Yau gajeriyar sura da ma'anarta, gobe labarin wani annabi, jibi yadda ake alwala, ki sa yaron ya yi a gabanki. Ki bar shi ya yi tambaya, kada ki tsawata masa don ya tambaya. In ba ki sani ba, ki ce za ki tambayo, wannan ma darasi ne. In ba ki yi nisa a karatu ba, abin da kika sani ya isa farawa, kuma makarantun matan aure suna nan a unguwanni. Ki sa ya ji kina ambaton sunansa a addu'arki. Yaro yakan manta bulalar malam, amma ba ya manta muryar uwarsa tana roƙa masa Allah.

Kai kuma ɗan'uwa, kada ka tura wa matarka wannan saƙo ka koma majalisa. Kai aka fara tambaya. Ka sauƙaƙa mata aiki a wannan sa'ar, ka bar ta ta je karatu, ka zauna a tabarmar da kanka ko sau biyu a mako. In kana can wurin zinariya, duk lokacin da ka samu layi, ka tambayi ɗanka surar da ya kai kafin ka tambayi kuɗin cefane. Limamanmu da kwamitocin masallatai su ma su duba: mun gina masallatai masu kyau, nawa ne a cikinsu suke da darasin mako na iyaye mata a kan yadda ake koyar da yaro a gida?

Akwai abu na ƙarshe da ya wajaba ya shiga cikin darasin tabarmar, wato haƙƙin maƙwabci. Ɗan Kirista da ke aji ɗaya da ɗanka yana jin abin da ɗanka ya kwaso daga bakinka. In zagi ne, shi zai ji, kuma da shi zai auna Musulunci. Suratul Mumtahana, aya ta 8, ta buɗe mana ƙofar kyautatawa da adalci ga wanda bai yaƙe mu ba. Sahabbai sun sami mafaka a Habasha a hannun sarki Kirista. Mun kuma ga abin kunyar da ya faru a Janairun 2015, lokacin da aka ƙona coci-coci a Damagaram da Yamai saboda laifin wata jarida da ke Faransa. Yawancin masu riƙe da duwatsu a ranar samari ne, kuma kowannensu daga wani gida ya fito. Yaron da ya san addininsa daga tushe ba ya tsoron maƙwabcinsa, ba ya kuma cutar da shi.

Maƙwabtan nawa sun koma kudu bayan an rufe ramin. Ranar da za su tafi, matar ta kawo wa uwargidana tukunya da ƴan kwanuka, suka rabu da hawaye. Ba ta san ta bar mana abin da ya fi tukunya ba. Tun daga lokacin muke shimfiɗa tabarma bayan Magariba, wata rana mu dace, wata rana barci ya ci ƙarfin yara, amma muna yi. Ku ma ku fara a daren yau.

Allah ya shirya mana zuriya, ya sa su zama sanyin idanunmu, ya saka wa iyayenmu mata da Aljanna, ya zaunar da garinmu da ƙasarmu lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.