Sirrin ƙyallin tukwanen Ladi Kwali

Duk wanda ya juya takardar Naira 20 zai ga wata mata tana ginin tukunya. Ladi Kwali ke nan, 'yar ƙabilar Gwari, wadda ta rasu a 1984. Mun san hotonta, amma kaɗan ne a cikinmu suka san aikin da ya kai ta can.

Tulu da randar da muke gani a kasuwar Shuwarin ko cikin garin Kiyawa, a fili ake gasa su da kara da itace, zafin bai cika wuce digiri 900 ba. Shi ya sa jikinsu ke tsattsafo da ruwa, iska ta busar da shi, ruwan ciki ya yi sanyi. Akwai kuma wata gasawar da ake yi a rufaffen tanderu, zafi ya haura digiri 1,200, har yumɓu ya haɗe ya yi tauri kamar dutse. Ita Ladi ta koya a cibiyar horar da magina tukwane ta tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, wadda wani Baturen Ingila, Michael Cardew, ya jagoranta. Ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko a wurin.

Ga yadda adon yake. A gina tukunya da hannu, a karce jikinta da tsinke tun ba ta bushe ba, a fitar da kunama, ƙadangare, kifi ko hawainiya. A cike zanen da farin yumɓu, sannan a shafe ta da ruwan ƙyalli, wanda ake haɗawa da toka da garin dutse da yumɓu. Wuta ce ke narkar da shi ya zama siririn gilashi, zanen na bayyana ta ƙarƙashinsa. Tukunyar ba ta yoyo, tana da sauƙin wankewa, sai dai ta yi nauyi kuma ba ta sanyaya ruwa. Don haka randar gidanmu a bar ta yadda take. Ƙyalli na kofi ne da faranti da kayan ado.

Roba da alminiyom sun ƙwace kasuwar magina, 'ya'yansu ma suna gudun sana'ar. Alhali duwatsun da suka kewaye Dutse ga su nan, toka kuwa kullum zubar da ita muke yi. Ilimin auna su da tanderu mai kyau ne ya rage, kuma ana koyar da shi a sashen zane-zanen masana'antu na Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ta ba Ladi digirin girmamawa a 1977. Masu shirin cike fom ɗin JAMB su duba wannan fanni. Masu ƙungiyar kimiyya a sakandare kuma su roƙi malaminsu ya kai su wurin maginan garinsu, su ga aikin da idonsu.

Sai mun haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.