Kaya Ba Su Isa Ba Sai Sun Shiga Hannun Mai Su

Ciniki ya sauya kama a garuruwanmu. Mace tana zaune a ɗakinta a Gusau ko Azare, ta ga hoton leshi a WhatsApp, ta tura kuɗi ga ɗan kasuwar Kantin Kwari da ba ta taɓa gani ba. Shi kuma ya ɗaure kayan a leda, ya rubuta suna da lambar waya a jiki, ya kai tasha ya miƙa wa direba. Tun da Jumia da Konga suka fara aiki a Legas a 2012, sayayyar nesa take ta bunƙasa, har ta kai mai turaren wuta da mai yaji suna aika kaya gari zuwa gari. Wannan ci gaba ne, muna kuma maraba da shi.

Sai dai rigimarsa ma ta yawaita. Saura kwana uku biki, uwar amarya ta kwance ƙunshi ta tarar da shadda maimakon leshin da ta biya. Ko kuma a ce mata kaya sun iso, ta je tasha ta iske wayam. Ta kira mai kaya, ya ce, "Hajiya, ai mun ba direba." Direba ya ce ya sauke a tasha. Ɗan kamasho ya ce wani yaro ya zo ya karɓa. Kowa ya zame, asara ta faɗa kan wadda ta fi kowa rauni a cikin cinikin.

Matsayinmu a fili yake: wanda ya karɓi kuɗi ya yi alkawarin kai kaya, nauyin yana wuyansa har sai kayan da aka yi ciniki a kansu sun shiga hannun mai su. In shi ya zaɓi direba ko ɗan babur, kuskurensu lamari ne tsakaninsa da su. Ba daidai ba ne a bar mai saye yana yawon tasha yana neman abin da ya riga ya biya.

Doka ma haka ta tanada. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ce ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar majalisar kare masu saye. Dokar ta ba mai saye damar mayar da kayan da bai samu dubawa ba kafin a kawo masa, ya karɓi kuɗinsa cif, matuƙar sun saɓa wa siffa ko samfurin da aka nuna masa, kuma ya ƙi su cikin lokacin da ya dace. Saboda haka rubutun nan da ake yi a ƙasan rasiɗi, wai in an sayi kaya ba a mayarwa, ba ya goge wannan haƙƙi. Malaman fiƙihu sun daɗe da warware wannan mas'ala: a mazhabar Malikiyya ya halatta a sayar da abin da ba ya nan bisa siffa, amma in ya zo ya saɓa wa siffar, mai saye yana da zaɓin karɓa ko mayarwa.

Duk da haka, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da yawan kayan da ke ɓacewa, adireshi ne ya jawo. Wanda ya rubuta "bayan masallacin Juma'a, gida mai jan ƙofa", sannan ya kashe wayarsa ranar da za a kawo saƙo, ya taimaka wajen ɓatan kayansa. Ya kamata mai saye ya ba da cikakken kwatance da lambar da ake samunsa, ya ajiye shaidar biyan kuɗi da hirar da suka yi, ya buɗe ƙunshi a gaban wanda ya kawo. In ya ga kuskure, ya ɗauki hoto ya sanar nan take. Wanda ya kai yadi wurin tela aka yanka, sannan ya dawo bayan mako biyu yana cewa ba shi ya saya ba, ya raunana hujjarsa da kansa.

Akwai kuma wanda kayan wani suka faɗo gidansa, ko aka kawo masa abin da ya fi nasa tsada. Wannan ba rabo ba ne, amana ce. Wani ya yi gumi ya biya, kuma sau da yawa ɗan babur da bai ajiye komai ba shi ake cire wa kuɗin daga ɗan abin da yake samu. Kiran waya ɗaya ya isa ya fitar da mutum uku daga damuwa.

Muna kira ga FCCPC da hukumomin kare masu saye na jihohi, irin ta Jihar Kano, su wayar da kan jama'a da harshen Hausa a gidajen rediyo, su kuma sauƙaƙa hanyar kai ƙorafi. Shugabannin tasha su ajiye littafin saƙo, kada a miƙa ƙunshi ga kowa sai an kira lambar da ke jiki an tabbatar. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa su hukunta duk wanda ya karɓi kuɗi ya toshe lambar abokin cinikinsa.

Cinikin nesa ba shi da jari sai amana. Ɗan kasuwa ya kai abin da aka biya, mai saye ya duba a kan lokaci, wanda kuma kayan wani suka zo hannunsa ya mayar wa mai su.